Dubu Tamanin da Itacen

Shekara goma sha ɗaya ina sana'ar sare bishiya da rage rassa a Abuja, kuma abin da na fi iyawa a cikinta shi ne faɗin kuɗi. Hawa ba nawa ba ne. Ina da jiki, ga tsoron sama tun ina yaro, tsani ma in ya wuce taki goma ba na hawansa. Injin zarto nawa ne, igiyoyi nawa ne, ni ke zirga-zirgar takardar izini a hukuma, ni ke tsayawa gaban mai gida in ce kaza ne. Mai hawan wani dattijo ne mutumin ƙauyen Jiwa, manomi, siriri kamar sanda, ya girme ni da shekara goma sha biyar. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Oga, rabi girmamawa rabi tsiya. Ranar Lahadi yana coci, ranar Juma'a ina masallaci, sauran ranakun muna gindin bishiyar wani.

Wanda bai san aikin ba zato yake tsawon bishiya muke aunawa mu faɗi kuɗi. Ina! Ƙasa ake fara dubawa. Me ke ƙarƙashinta? Katanga ce mai waya a kai, ko ɗakin janareta, ko rumfar motocin da fitilar guda ɗaya ta fi injina tsada? Ina wayar wuta ta bi? Maƙwabcin wane iri ne, mai haƙuri ne, ko wanda ganye ɗaya zai faɗa gidansa ya turo maka 'yan sanda? Bishiyar da ke fili a bayan gari, cikin awa guda ka kwantar da ita ka karɓi na abinci. 'Yar'uwarta a Maitama, unguwar masu kuɗi, kuwa sai an sauke ta guntu-guntu da igiya, kamar ana saukowa da mara lafiya daga bene. Sannan a dubi itacen. Mangwaro da darbejiya na masu gidan burodi ne da masu tsiren Mararaba, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Madaci kuwa, in ya ƙosa, masu katako har faɗa suke a kansa. Irin wannan sai ka sauke wa mai gida kuɗin aiki ƙasa, ka ƙara da cewa "da itacen". Shi ya ji daɗi ya samu araha, kai kuma ka san ribarka tana cikin gungumen.

Amma ban taɓa buɗe baki na faɗi kuɗi ba sai Baba ya buga. Yana da wani ɗan gatari da ya zo da shi daga gona, ƙotar ta yi baƙi ta yi santsi saboda hannu. Zai zagaya bishiya yana dukanta da ƙeyar gatarin, ya kara kunne, ya matsa gaba, ya sake bugawa. Ni dai duk ƙara ɗaya nake ji, ƙwas, ƙwas. Shi kuwa sai ya ce wannan cike yake, wannan gara ta shige shi ta gefen arewa, wancan reshen kada kowa ya ɗaura masa igiya. Nakan tsokane shi in ce, "Baba, sallama kake yi? Sun amsa?" Ya ce, "Sun amsa, Oga. Sun ce ka ƙara kuɗi." In ya ce bishiya ba ta hawuwa, dole a sa kuɗin mota mai kwando, irin wadda masu gyaran fitilun titi ke ɗaga mutum da ita, hayarta ta yini guda kuwa takan ninka kuɗin aiki sau uku. Masu gida da yawa daga nan suke cewa za su neme ka, kuma ba za ka sake jin su ba.

Akwai wasu 'yan iska a sana'ar nan, Allah ya isa tsakanina da su, 'yan rabin aiki muke ce musu. Za su faɗa wa mai gida kuɗi kaɗan don su ƙwace aikin, su sare rabin bishiya, su bar ƙaton reshe yana reto a kan rufinsa, sannan su kashe inji su ce aikin ya fi yadda suka zata, sai an ƙara. Mutum na kallon reshe a kan ɗakin 'ya'yansa, ya zai yi? Su suka ɓata mana suna. Ni kuwa tun farko na rantse ba za a haɗa ni da su ba. Abin da na faɗa shi ne, ko da faɗuwa zan yi. Na sha yin aikin da na koma gida da kuɗin mota kawai, amma ban ƙara sisi a kan maganata ba. Masu gadi da direbobin Maitama suka sa mini mai baki ɗaya, da wannan sunan suke ba iyayen gidansu lambata. Ina son sunan nan, ba zan yi ƙarya ba. Ina jin sa har cikin raina, har tafiyata takan canza in na ji an faɗa.

Abin ya faru ne a gabanin damina, lokacin da hadari ke fara haɗuwa, kowane mai gida ya tuna yana da bishiya. A makon nan na je duba gidaje huɗu, ko ɗaya bai zama aiki ba. Wanda bai zauna a Mararaba kamar ni ba bai san abin da ake nufi da zuwa dubawa ba. In ba ka fito da asuba ba, za ka yi awa uku a gosulo, motoci a tsaye, kana shaƙar hayaƙi, ga kuɗin motarka, ga na Baba da zai taso daga Jiwa, can ɗaya ƙarshen garin, ya baro aikin gonarsa. Duk don wani ya tsaya a bakin ƙofa ya ce maka ka yi tsada. Raina a ɓace yake lokacin da wani mai ban-ruwan fulawa da na sani ya kira ni. Ya ce maigidansa, wani Alhaji darakta a ma'aikatar gwamnati, yana son a cire madacin da ke bayan gidansa, saiwarsa ta fara tsaga katanga.

Na ce ya ɗauko mini bidiyo. Ya turo. Kai, bishiya ce ta gani ta faɗa: gindi mutum biyu ba za su rungume shi ba, miƙe sambal har inda ta rabu biyu, ganye shar. Ina zaune a shagon mai shayi na tura wa wani mai katako, nan take ya yi mini tayin da ya sa na gyara zama. Na ce a raina, me za a buga a nan? Makaho ma ya san wannan lafiyayya ce. Ban kira Baba ba. Na ce wa mai ban-ruwa ya gaya wa Alhaji dubu tamanin da itacen. Kafin shayina ya huce amsa ta dawo, an amince, a zo ranar Asabar. Ko naira ɗaya bai nemi ragi ba, har na ji haushin ban faɗi fiye da haka ba.

Ranar Asabar muka isa da wuri, ni da Baba da mutum biyu masu riƙe igiya. Madacin na kusurwa, tsakanin katanga da ɗakin janareta, kuma a ido ya fi ma bidiyon kyau. Muna warware igiyoyi Baba ya ɗauko gatarinsa. Na ce, "Bar wannan, an riga an gama magana." Bai ko kalle ni ba. Ya buga, ya kara kunne. Ya zagaya, ya buga. Ya hau kan katanga ya miƙa hannu ya bugi inda ta rabu biyu, ya daɗe a can. Da ya sauko sai ya ja ni gefe, inda mai ban-ruwa ba zai ji ba. Hausarsa irin ta mutanensu ce, komai namiji ne a bakinsa.

Ya ce, "Oga, wannan bishiya ba na hawa ba ne. Cikinsa rami ne daga ƙasa har wurin da ya rabu."

Na ce, "Haba Baba, da ganyen nan haka?"

"Ganye, ɓawo ne yake ba shi ruwa. Ciki gara ya gama da shi. Sai mota."

A lokaci guda na ga asara biyu, katako ya tafi, ga kuɗin mota. Amma wallahi ba asarar ce ta fi cina ba. Hango kaina na yi tsaye gaban Alhaji, igiyoyi a baje a tsakar gidansa, ina sosa ƙeya ina cewa aikin ya fi yadda na zata, dubu tamanin ta koma dubu ɗari biyu da hamsin. Kalmar 'yan rabin aiki ke nan, harafi da harafi. Kafin la'asar duk masu gadin layin za su ji.

Baba ya ce, "Je ka gaya wa mai gida. Ba mu taɓa bishiya ba tukuna, ko ganye ɗaya. Ba laifi ba ne."

Gaskiyarsa ce, kuma na san gaskiyarsa ce, shi ya sa ma na fusata. Na ce masa ni ba na magana biyu. Na ce shekara nawa muna tare, yaushe ya taɓa jin na koma na ƙara kuɗi? Ya ce shekara nawa muna tare, yaushe na taɓa faɗin kuɗi bai buga ba? Nan fa ya taɓo inda ke mini ciwo. Sai na faɗi maganar da har in mutu ba zan daina jin ta a kunnena ba. Na ce, "Baba, in tsufa ne ya zo, ko tsoro, ka fito fili ka faɗa mini. Akwai masu hawa a Mararaba da ke roƙona kullum. Ba sai ka laƙa wa bishiyar mutane rami ba."

Ana haka sai ga Alhaji ya fito ta ƙofar baya, da jallabiya da tabarau, kofin shayi a hannu. Mutum ne mai sanyin murya. Ya yi mana sannu ɗaya bayan ɗaya, har da masu igiya, sannan ya ce, "Komai lafiya dai ko? Akwai wani abin da kuke buƙata?" Taki uku ne tsakanina da shi. Baba ya juyo ya zuba mini ido, yana jira.

Na ce, "Babu komai, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Madalla. Ai na ji labarinka, an ce kai ba ka da magana biyu." Ya koma ciki. Kuma na ji daɗin maganar, tir da ni, a wannan lokacin ma na ji daɗinta.

Baba ya cire takalmansa ya jera su a gindin katanga. Ya miƙo mini wayarsa da gatarin, ya ɗaura igiya a ƙugu. Abin da ya ce kawai, kuma ga masu igiya ya faɗa ba ni ba, shi ne su riƙa sakin reshe a hankali, kada su bari ya fizga. Ya hau.

Awa uku komai na tafiya daidai. Ƙananan rassa suna saukowa ɗaya bayan ɗaya, ina daddatsa su ina tarawa. Zuciyata ta fara sanyi, har bakina ya buɗe. Na ɗaga kai na ce, "Baba, ramin ya cike ne?" Ya ci gaba da yankansa. Da hantsi ya yi sosai aka zo kan babban reshen da ya miƙa saman ɗakin janareta. Ba inda za a rataya igiyar sauke shi sai ɗaya ɓarin bishiyar, wanda shi ma Baba a jikinsa yake ɗaure. Ya daɗe yana kallon wurin kafin ya tada inji. Reshen ya yanke, nauyinsa ya sauka a kan igiya, sai na ji wata ƙara, ba mai ƙarfi ba ma, kamar an yage tsohon buhu. Bishiyar ta dare daga inda ta rabu biyu. Jar ƙasar gara ta zubo mana a ka kamar an juye kwano, ɓarin da Baba ke kai ya tafi da shi. Da bayansa ya sauka a kan katanga, sannan ya faɗo cikin gidan.

Idonsa biyu lokacin da na isa. Babu jini sosai, 'yar ƙujewa ce a goshi, har na fara hamdala. Injin na gefe yana ta ƙugi a ƙasa. Ya ce, "Oga, kashe inji, mai yana ƙonewa." Na kashe. Sai ya ce, "Duba mini, ƙafafuna suna nan?" Suna nan, a miƙe, ba abin da ya danne su. Na kama babban yatsan ƙafarsa na matsa da ƙarfi, ina kallon fuskarsa, shi kuma yana jiran in ba shi amsa.

Alhaji ya fito a guje ba takalmi. Shi ya hana mu ɗaga shi da hannu, ya sa aka ciro ƙyauren sito muka zura shi a kai, direbansa ya kai mu asibiti. A wurin biyan kuɗi suka faɗi abin da za a ajiye kafin a taɓa shi. Ina tsaye a bayan Alhaji ina kallo, ya ciro waya, ya danna, ya nuna musu. Bai tambayi dalili ba, bai nemi ragi ba, ko numfashi bai ja ba. Abin da ya tura a tsaye cikin minti guda ya ninka hayar mota mai kwando sau da yawa. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri, ƙaddara ce, ba wanda ya isa ya san abin da ke cikin bishiya. Na sunkuyar da kai na ce haka ne. Masu igiya ba su ji abin da muka yi da Baba ba, mai ban-ruwa bai ji ba. Kowa ya ce ƙaddara, ni ma na bi su ina faɗa.

Ranar Talata Alhaji ya kira wani kamfani suka ƙarasa aikin da mota mai kwando. Mai ban-ruwa, don neman suna, har da turo mini bidiyo. Kafin azahar sun gama. Gungumen da na ci buri a kansa kuwa ɓawo ne kawai kewaye da ƙasa, ko mai gidan burodi ba zai karɓa ba.

Likitoci suka ce ƙashin baya ne, daga ƙugu zuwa ƙasa ba zai sake motsi ba. Ya yi wata biyu a asibiti aka mai da shi Jiwa. Bai gaya wa kowa abin da na faɗa masa ba, ni ma bai taɓa tayar mini da maganar ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ci gaba da sana'a, don ban iya wata ba. Gatarin yana jakata, ba wanda ya tambaye ni shi. Duk bishiyar da na je yanzu sai na zagaya ta na buga, in kara kunne kamar yadda yake yi, masu gida suna kallona suna cewa lallai wannan ya san aiki. Ƙwas, ƙwas, shi ke nan abin da nake ji. Don haka duk wadda zuciyata ba ta kwanta da ita ba sai in sa kuɗin mota, aiki ya ragu da rabi, masu gadi suna cewa na yi tsada.

Duk ƙarshen wata nakan je Jiwa da shinkafa da mai da sabulu. Matarsa takan karɓa ta yi godiya, ba ta taɓa tambayata komai ba. Sai wani zuwa da na yi bayan an ɗauke ruwa. Baba na kwance a tabarma a ƙofar ɗaki, ya rame har na ga ƙasusuwan hannun da ke riƙe reshe kamar ƙugiya. Gonar doyarsa ciyawa ta cinye ta a wannan shekarar. Matar ta dawo daga daji da damin itace a kafaɗa, irin yadda matansu ke ɗauka, ta sauke, ta zo ta zauna a kan turmi tana fuskantata. Ba ta dubi kayan da na kawo ba.

Ta ce, "Oga, ina so in tambaye ka. Shi wannan mutum, shekara talatin yana hawa, bai taɓa hawa bishiya mai rami ba. Yana ji da kunne. Ranar nan bai ji ba ne?"

Na ce, "Ya ji, Mama."

"Ya gaya maka?"

"Ya gaya mini."

Baba ya ce, "Bar shi."

Ba ta bar ni ba. Ta ce, "Nawa ne aikin?"

"Dubu tamanin. Da itacen."

"In za a kawo mota fa?"

"Ɗari biyu da hamsin."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar ta gane. Ta san masu kuɗi, ta sha kai musu doya bakin ƙofa suna taya ta rabin kuɗi. Har na ga fuskarta ta ɗan saki, ta samu wanda za ta ɗora wa laifi. Ta ce, "To. Mai gidan ne ya ce ba zai biya ba."

Da na yi shiru da shi ke nan, a haka za ta tafi da shi har kabarinta. Na dubi Baba, ya kawar da kai yana kallon bango.

Na ce, "Ban tambaye shi ba."

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta tashi ta ɗauki itacenta ta shige madafa, ta bar shinkafar a inda na ajiye ta. Can Baba ya ce, "Oga, zo ka juya ni, wannan gefe ya gaji." Na durƙusa na sa hannu ƙarƙashinsa na juya shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan.